Taimama a Bakin Tafki

Injin ban ruwa ne ya fitar da ni daga Argungu. Babanmu ya rasu ya bar mana gona a fadama, ni da yayana Manu, tsohon injinsa kuma bai daɗe a bayansa ba ya bi shi. Gonar fadama in babu inji da rani, wurin kiwon shanun wasu ce kawai. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Birnin Kebbi ya aiko a ba shi aronta. Mu kuwa mun san gonakin maƙwabta da aka ba shi aro, ba mu taɓa ganin wadda ta dawo ba. Dangi suka zauna suka ce ba za a bar gona ta yi rani biyu a kwance ba, ga tsohuwa, ga ƙannenmu mata masu haƙƙi a ciki. In ranin gaba ya zo ba mu da inji, Alhaji zai noma. Sai na ce zan tsallaka hamada in nemo kuɗin inji.

Akwai wani ɗan kudu a kasuwar Birnin Kebbi, Sande, mai shagon injuna, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Shi ya ware mini inji ɗaya, ya rubuta sunana da alli a jikin kwalin.

"Tahi ka dawo, Labbo," ya ce. "Ba mai taɓa shi sai ruwa ya janye."

A Agadas na fara sanin cewa ruwa ma yana da daraja hawa-hawa. Aka tara mu a wani gida mai dogon bango muna jiran mota, kowa da jarkarsa naɗe da buhu. Tawa an taɓa zuba fetur a ciki, mai sayarwa ya rantse mini ya wanke ta. Duk tsawon hamada ina sha ina gyatsar fetur. Ni da na tashi a bakin gulbi, wanda in ƙishi ya kama ni sai dai in sunkuya, ga ni ina auna kurɓa da murfin jarka.

Tamanrasat ba ta yi mini maraba ba, ba ta kuma kore ni ba. Da safe mu jeru a bakin titi, mai aikin gini ya tsaya da mota ya nuna wanda ya ga ya fi ƙwari. Na ɗauki bulo har kafaɗata ta yi kanta. Wani ya sa mu aiki mako guda, ranar biya ya ɗaga waya ya ce zai kira masu kaki, kowa ya kama gabansa. A nan wani mutumin garin Tawa ya same ni. Ɗan Tawa kawai ake kiransa, dillalin lebura ne, mai yawan dariya da carbi a hannu. Ya ce akwai aiki a arewa, wajen masu haƙar gas, aiki na watanni. Tunda ba mu da takarda ba mu da banki, shi zai riƙa karɓar kuɗinmu yana ajiyewa, ranar tafiya ya aika wa kowa nasa gida. A wurinmu haka ake yi, maigida ke riƙe wa baƙo guzurinsa, don haka ban ga abin tambaya ba.

Garin da ya kai mu garin dabino ne, kwana guda cur a mota daga Tamanrasat. Sansanin kamfanin yana bayan gari, an kewaye shi da waya. Masu takarda suna kwana a ciki cikin ɗakuna masu sanyi, mu kuma kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa a gari. A masallaci wani tsoho ya lura na saki hannuwana a salla kamar yadda suke yi. Da aka sallame ya kama hannuna ya ce da Hausa mai kaushi, "Ina gida?" Sunansa Bilƙasim. Yana saurayi ya yi fatauci zuwa Agadas, a can ya tsinci Hausar, kuma rabinta ta zube a hanya. Ya ba ni ɗakin ajiyar dabino a gefen lambunsa, bai karɓi komai ba. Baba nake kiransa har muka rabu.

Lambun Baba ya ba ni mamaki. Ba kogi, ba ruwan sama, amma ruwa na gudu a gindin dabino dare da rana. Kakanninsu ne suka haƙa magudana a ƙarƙashin ƙasa daga nesa, ruwan ya biyo gangare da kansa. Inda ya fito akwai dutse mai haƙora kamar matajin kai, kowane haƙori ya raba wa gida ɗaya nasa kason. Ranar da na fara jin ƙarar ruwan nan, kewar gida ta kama ni sosai. Na zauna a bakin magudanar na sa ƙafafuna ciki, ina tuna Manu yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya.

Aikina a sansani jan tiyo ne da ɗaukar buhunan yashi. Na daɗe ban gane abin da muke yi ba, sai da Injiniya Murad, shugaban wurinmu, ya zana mana a ƙasa da tsinke. Mutum ne mai sauƙin kai, yana cin burodi tare da lebura. Ya ce gas ɗin nan ba a rami yake ba, a cikin jikin dutse yake, kamar mai a cikin gyaɗa, sai an matsa yake fita. Ana haƙa rijiya can ƙasa, a lanƙwasa ta ta bi dutsen a kwance. Sai a tura ruwa mai yawa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage. Yashin ya tokare tsagar, gas ya samu hanya. Wani ɓangare na ruwan yana dawowa sama da datti, shi ake tarawa a wani babban tafki da aka shimfiɗa wa baƙar roba. A bakin tafkin nan nake wuni.

Rigimar gari kuwa a kan ruwa take. Rijiyar gas sai ta ratsa ruwan da garin ke sha kafin ta kai ga dutsen. Injiniya ya ce an sa bututun ƙarfe an zuba siminti, ko ɗigo ba zai haɗu da ruwan sha ba. Ya ce ƙasa tana bukatar gas ɗin, da kuɗinsa ake gina asibiti, da shi ake sauƙaƙa burodi, kuma tsofaffin rijiyoyi sun fara ja baya. Da na kawo wa Baba wannan magana wajen shayi, sai ya ce siminti ɗan'adam ne ya kwaɓa shi.

"Ruwan nan tsoho ne," ya ce. "Sama ba ta ƙara mana. In ya ɓaci, babu damina da za ta wanke shi. Gas shekara nawa? Dabino, kakana ya ci, jikana zai ci."

Garin ma ba bakinsa ɗaya ba. Samarin da suka samu tuƙin mota a kamfani da masu shagon da ke kai wa sansani kaya suna ganin tsofaffi na hana su ci gaba. Manoma suna ganin an zo a sayar da makwancinsu. Ni dai nawa ido. Da safe in ja tiyon kamfani, da yamma in sha shayin Baba da ruwan magudana. Bai taɓa ce mini in bar aikin ba. Yakan ce ni baƙo ne, in ci abincina.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Wata Juma'a Manu ya ɗauka, muryarsa ba daɗi.

"Labbo, ruwa ya hwara janyewa. Mutane sun hwara zuba iri. Alhaji ya sake aiko mutum jiya."

"Mi kac ce mai?"

"Na ce ƙanena na bisa hanya. Kana bisa hanya?"

Na ce masa saura wata ɗaya abin da ke hannun Ɗan Tawa ya kai kuɗin inji da na mota. Ya ce zai riƙe dangi da baki har wata ɗaya, fiye da haka ba ya iyawa.

A makon nan ne mutanen gari suka zauna a kan hanyar sansani. Ba faɗa, ba jifa. Tsofaffi da mata suka shimfiɗa tabarmi a kan kwalta, suka kafa rumfuna, suna dafa shayi. Mu lebura suna barinmu mu wuce da ƙafa, amma mota ba ta wucewa, har da tankar da ke kawo ruwan sha. Aka fara raba mana ruwan gora, daidai na jiƙa maƙogwaro. Na wanka da alwala kuma aka nuna mana wani famfo a bakin tafki, wanda ke fito da ruwan tafkin bayan ya bi ta injin tacewa.

Da azahar ta yi na je famfon. Ruwan fari tas, ba ka ganin komai a ciki. Na tara hannu na kai hanci, sai na ji wani wari mai yaji. Tun muna yara malamin unguwarmu ya koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza ba a alwala da shi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na zubar, na matsa gefe inda yashi ke da tsabta, na buga tafuna a ƙasa na shafi fuska da hannuwa, na yi sallata. Haka na yi ta yi kwana da kwanaki. Ban san wani daga cikin masu zaman hanya ya zagayo ta bayan waya ya ɗauke ni hoto ba.

Baba ne ya nuna mini a wayar maƙwabcinsa. Ga ni durƙushe, tafuna a yashi, bayana kuma tafki shimfiɗe har ƙarshen hoton. A garin da kowa ya san hukuncin taimama, ba a bukatar rubuta komai a ƙasan wannan hoto. Kafin kwana biyu an buga shi a kwali an rataye a rumfunan hanya. Gaskiya hoton bai tabbatar da komai ba, domin ba wanda ya taɓa cewa ruwan tafki na sha ne. Gardamar ita ce ko yana zurarewa ƙasa, kuma wannan ni ban sani ba, wanda ya ɗauki hoton ma bai sani ba. Amma mutane sun samu abin nunawa. Masu shayi suka riƙa miƙe mini kofi in na zo wucewa. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in wuce da sauri, domin marar takarda ba ya son a san fuskarsa.

Ɗan Tawa ya kira ni gefe, yau babu dariya.

"Kai, wa ya aike ka? Gobe manyan gari za su zo ganin injin tacewa. An ce kai za ka yi alwalla ga hwamhon nan gabansu, ka yi salla. In ka yi, aikinka na nan. In ba ka yi ba, ka san sauran."

Na ce masa ruwan yana wari.

"To sai mi? Ka yi, in sun tahi ka sake sallarka. Allah ya san zuciyarka. Gonar ubanka kaka so ko suna?"

Bayan magariba na gaya wa Baba duk yadda muka yi. Shi ma yana cikin manyan da za su je. Na so ya hana ni, ko ya ce in yi, don in samu wanda zan jingina da shi. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Ruwan nawa ne, gonar taka ce," ya ce. "Ba zan ce maka komai ba."

Na kwana na yanke shawara zan yi. Ba ni na haƙa rijiyarsu ba, ba ni zan rufe ta ba, kuma tsohuwata ba dabino take ci ba.

Washegari da azahar manyan gari suka zo cikin fararen riguna, aka tsaya a bakin famfo. Injiniya Murad ya yi bayani da Larabci, na tsinci kaɗan. Ya ce warin na maganin tace ruwa ne, ba ya cutarwa. Sannan ya tari kofi guda ya shanye a gabansu, fuskarsa ba ta motsa ba. Na girmama shi a kan wannan. Aka yafito ni.

Na tsuguna na yi bisimilla, na wanke hannuwana. Na kai ruwa baki, ya yi ɗaci-ɗaci da gishiri kamar an jiƙa kanwa, na daure na kurkure na zubar a hankali. Sai shaƙa ruwa. Wanda ya tsara wannan shiri ya manta alwala tana bi ta hanci. Ina shaƙa, wani yaji ya hau mini har tsakiyar kai. Tari ya sarƙe ni, hawaye suka zubo. Na ce bari in sake, na sake, abin ya fi na farko. Ina durƙushe ina tari kamar akuyar da ta ci leda, ina jin ana ɗaga wayoyi a kaina. Da na ɗago, Baba yana kallon ƙasa. Ba wanda ya yi sowa. Injiniya ya miƙo mini gorar ruwansa, ya dafa kafaɗata.

Har yau ban san ko ruwan nan yana da illa ba. Mai yiwuwa gaskiyar Injiniya ce, hancina ne na ɗan fadama da bai saba da magani ba. Na yi niyyar gamawa, jikina ne ya ƙi.

Da safe Ɗan Tawa ya ce kada in sake zuwa sansani. Na ce to a ba ni ajiyata. Ya ce zai aika wa Manu kai tsaye ranar kasuwa, in kwantar da hankalina. Ranar kasuwa wayarsa a kashe. Lebura suka ce ya koma Tamanrasat ɗebo sabbin mutane. Ban sake ganinsa ba.

Baba ya ce in zauna a lambu kada in fita. Na yi kwanaki ina share magudana ina tattara busassun ganyen dabino. Amma zaman hanyar ya rikice, aka kawo masu kaki da yawa, suka fara kwashe baƙi marasa takarda. Ni kuwa fuskata tana rataye a kowace rumfa. A shagon burodi aka kama ni.

Ranar da za a loda mu a mota, Baba ya zo bakin wurin da aka tsare mu. Ya yi ta magana da mai gadi har aka bar shi ya matso. Ya miƙo mini jakar dabino da jarka cike da ruwa, ya naɗe ta da tsohon bargo ya jiƙa.

"Na magudana ne," ya ce. "Ka gai da ɗan'uwanka."

Hausarsa ta ƙare a nan, tawa ma ta ƙare. An sauke mu a hamada kusa da iyaka, aka nuna mana wajen Asamaka da hannu aka ce mu miƙe. Da ruwan nan na taka, na kuma ba wata mata mai goyo da jarkarta ta fashe. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, ban da na gida.

Na iso Argungu an riga an gama dashe. Daga kan hanya na hango gonarmu kore shar, injin Alhaji na ƙara a bakin rijiya. Manu bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi jarkar da babu komai a ciki, ya ce in shiga in gai da tsohuwa. Da na je Birnin Kebbi, Sande ya ce ya riƙe injin har ruwa ya janye, har ya ƙara mako biyu a kai kafin ya sayar. Na ce na sani, na gode.

Shekaru sun wuce yanzu. Na ji an ce kamfanin ya rufe rijiyar ya tafi, na kuma ji an ce za su dawo. Lambar maƙwabcin Baba ta daina shiga. Da fetur ya yi tsadar da manomi ba ya iya saye, Sande ya fara juya injunan ban ruwa suna aiki da tukunyar gas irin ta girki. Ba don haka ba, da rabin fadamar nan ta kwanta. In ana gardamar gas a majalisa sai a juyo gare ni, wai ni na je na gani. Nakan ce na ga mutumin da ya sha ruwan, na ga mutumin da ya ji tsoronsa, kuma dukansu ba mahaukata ba ne. Ba sa jin daɗin amsar, sun fi son in zagi wani.

Aron gonar bai ƙare ba. Kowace shekara Alhaji yana aiko wa tsohuwa buhunanta, dangi kuma sun gamsu. Ni da Manu ya ɗauke mu aiki a cikinta, tunda ba wanda ya san inda ruwa ke kwanciya kamar mu. Ni ke kula da inji.

Jiya da azahar na tsuguna a bakin tiyo zan yi alwala. Na tara hannu, na kai hanci kafin in fara, abin ya zame mini jiki. Manu yana kan kunya da fartanya, ya gan ni.

"Har yanzu? Yi alwallarka, Labbo. Ruwan baba na."

Ruwan sanyi ƙalau, ba wari ko kaɗan. Na yi sallata a inda babanmu ya saba yin tasa, gindin ƙiryar bakin gona. Da na sallame na girgiza tukunyar gas na ji ta kusa ƙarewa, sai na ɗauko waya in nemi izinin Alhaji a sayo wata.